Ta'aziyya a Hawa na Tara

Kwana shida suka rage bizar Sabiru ta mutu, kuma duk wanda ya zauna a Guangzhou a shekarar da Sin ta karɓi gasar Olamfik ya san abin da hakan yake nufi. A da ai biza ba abin tayar da hankali ba ce: ka kai wa dillali fasfo, bayan mako guda ka je ka karɓo abinka. Wannan shekarar kuwa sai aka ce ana gyaran gida saboda manyan baƙi. A bakin tashar jirgin ƙasa ta metro a tambaye ka takarda, a ƙofar gida a tambaye ka takarda. Dillalan da suke cika baki a da duk suka koma kalma ɗaya, "meyo", wato babu. Mutum ɗaya ne ya ɗan tausaya wa Sabiru, ya ce in ya kawo wasiƙar wurin aiki mai jan hatimi, to akwai dama. In babu wasiƙa kada ma ya wahalar da ƙafarsa.

Kada ka ce me ya hana shi tattara kayansa ya koma gida. Wane gidan? Kanon da ya yi shekara huɗu yana zagaye ofisoshi da digirin Turanci a cikin ambulan, har ambulan ɗin ya yi laushi kamar tsumma? Ga shi kuma tun watan Maris da mahaifinsa Malam Shitu tela ya rasu, tukunyar gidansu a Gwammaja ba ta hawa murhu sai da abin da ya aika. Ko jana'izar bai je ba, don ya san in ya fita ƙasar ba mai sake buɗe masa ƙofa. A waya aka gaya masa, tsakanin aji da aji. Ya shiga banɗaki ya wanke fuska, ya fito ya ci gaba da rera wa 'ya'yan mutane waƙar A B C.

In kuma ya zauna bizar ta mutu a hannunsa, ba ya bukatar a ba shi labarin abin da zai biyo baya, don da shi yake kwana a ɗaki. Illa ke nan, mutumin Maraɗi, wanda tasa ta mutu tun Afrilu. Ƙato ne, a da yakan ɗaga dilar atamfa da hannu ɗaya a unguwar Xiaobei, amma yanzu ko maƙwabci ne ya buga ƙofarsa sai ka ga Illa ya miƙe tsaye yana kallon taga. Wata uku bai taka bakin titi ba. Sabiru in ya dube shi, kansa yake gani.

Aikin nasa a wata cibiyar koya wa yara Turanci ne, a hawa na tara na wani dogon gini a titin Huanshi Lu. Wai mataimakin malami. To, bari in gaya maka abin da mataimaki yake yi: shi ne mai share majina, shi ne mai raka yaro banɗaki, shi ne mai yanka hotuna da almakashi. Shi yake tsara darasin tun daga farko har ƙarshe, sannan ya koma gefe ya tsaya kamar dogari, wani Bature mai suna Kevin ya shigo ya karanta. Kevin ɗin nan da bakinsa ya ce a ƙasarsu gyaran keke yake yi. Ba mugu ba ne, Allah Ya sani, amma sau nawa Sabiru yana matsowa ya raɗa masa yadda ake rubuta kalma a allo? Iyayen yara dai fuskar suke saye, ba su damu da wanda ya dafa ba.

A watan Yuni Kevin ma tasa bizar ta ƙi. Shi dariya ya yi, ya rataya jaka ya ce ya tafi shan iska bakin teku. Madam Liang, mai cibiyar, ta nemi wani Baturen har ta gaji. Meyo. Iyaye suka fara janye 'ya'yansu ɗaya-ɗaya. Ran nan ta kira Sabiru ofis, ta dube shi sama da ƙasa kamar mai tayin rago, ta ce masa cikin Turancinta mai gaggawa:

"Daga yau sunanka Sam. Daga Shikago kake. A Amurka ma ai akwai baƙaƙe."

Sabiru ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ranar Asabar za a yi ajin gwaji a gaban iyaye. In sun gamsu sun bar 'ya'yansu, cibiya ta tsira, ita kuma ta buga masa hatimi a wasiƙarsa ranar da ranar. In ba su gamsu ba, ta rufe wurin, kowa ya kama gabansa. Ta jawo aljihun tebur ta nuna masa hatimin, ɗan ƙaramin abu da bai kai kwalbar turare ba, ta mayar ta kulle. Ita ma idanunta sun faɗa, da gani ba barci take ba. Ta ƙara da sharuɗɗa: ba hula, ba amsa waya da yarensu, ba maganar Afirka ko da wasa.

Ya ce ya yarda. Wallahi ko cewa ta yi daga duniyar wata ya sauko, cewa zai yi ya yarda.

Kwana uku ya yi yana tsayawa gaban madubi yana lanƙwasa harshe, yana tauna kalmomi irin na mutanen Amurka. Illa yana kwance yana kallonsa ya ce, "Malam, kai kuwa ka ji ka? Kamar wanda ya cusa dankali mai zafi a baki." Suka yi dariya, dariyar da ba ta wuce maƙogwaro ba. Ranar Juma'a Madam Liang ta ce darasin gwajin shi ne "iyalina", ta miƙo masa wani hoto da ta yanko daga tallar man goge baki: wani baƙar fata mai ɗaure da laktaye, haƙora farare tas, yana dariya.

"Wannan ne babanka," in ji ta. "Likita ne."

Sabiru ya karɓi hoton ya tsura masa ido. Malam Shitu bai taɓa ɗaura laktaye ba, kuma haƙoransa na gaba sun gutsure saboda shekara arba'in yana tsinke zare da su. Ya ce, "To, Madam."

Asabar ta zo da irin zafin Guangzhou ɗin nan mai danƙo, wanda kake fitowa daga wanka kana neman wani wankan. Yara goma sha biyu suka zauna a kan tabarmar soso, iyaye da kakanni sun fi ashirin a baya, sun matsu a kan 'yan kujerun roba. Wani uba ya saita kyamara. Sabiru ya kashe wayarsa, ya yi bisimilla a zuci, ya fara.

Kuma fa ya iya! Shekara biyu yana kallon wani yana lalata masa darasi, yau abin ya dawo hannun mai shi. Ya yi tsalle, ya yi waƙa, ya kwaikwayi tafiyar kaka da sanda har tsofaffin da suke baya suka kama ciki. Yaran sun san shi, sun saba da shi, duk abin da ya yi sai su yi, duk abin da ya faɗa sai su maimaita, haka ya horar da su. Madam Liang tana jikin bango, a karo na farko cikin wata guda ya ga ta saki fuska. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ya ɗauko hoton mai haƙoran, ya ɗaga sama, ya cika ƙirji zai yi magana.

Sai aka turo ƙofa.

"Assalamu alaikum!"

Wani dattijo ne cikin farar babbar riga da hula zanna, da jakar fata a hammata, ma'aikaciyar karɓar baƙi tana biye da shi tana yarfa hannu tana magana, shi ko kallonta bai yi ba. Da ya ga tabarma a ƙasa sai ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya jera su. Ya ƙanƙance ido yana duban mai riƙe da hoto.

"Sabiru? Kai, Sabiru ne kuwa! Ikon Allah."

Alhaji Maidaji ne, mai yadi a Kantin Kwari, aminin Malam Shitu tun suna yara. Shi ya yanka ragon sunan Sabiru. Shi ya raka shi tashar mota ranar da zai tafi jami'a. Kuma a watan Maris, da aka kai Malam Shitu maƙabarta aka nemi babban ɗa aka rasa, Alhaji Maidaji ne ya naɗe riga ya shiga kabarin ya karɓi gawar.

Tun da Sabiru ya yi wayo bai taɓa gaishe da mutumin nan a tsaye ba. Ba sai ya yi tunani ba, gwiwoyinsa da kansu suka fara tafiya ƙasa. Ya yi rabin hanya sannan ya tuna da kyamara, ya tuna da ido arba'in da suke kansa. Sai ya saki alƙalamin allo ya faɗi, ya ƙarasa sunkuyon kamar shi yake ɗauka, ya miƙe. Zufa ta karyo masa tun daga tsakar ka.

Alhaji bai lura ba. Shi dai murna yake, yana haki saboda tafiya. "Kwana uku ina nemanka, ɗan nan. Yau na samu lambarka na kira, wayar a kashe, sai yanzu na samu abokin ɗakinka ya kwatanta min. Jirginmu ƙarfe biyar zai tashi. Na ce ina, ba zan bar ƙasar nan ban zo na yi maka gaisuwa ba, ai kai kaɗai ka rage ban yi wa ba a cikin 'ya'yansa." Ya sassauta murya. "Ya haƙuri, Sabiru?"

Amsar ba ta da wuya, ko yaro ya san ta. Da godiya. Ta zo har bakin Sabiru ta tsaya a bayan haƙora.

Dattijon bai jira ba, ya ɗauka kuka ne ya shaƙe shi. Ya dafa gwiwa ya zauna a gefen tabarmar, a tsakanin yaran, ya ajiye jaka, ya ɗaga tafukan hannunsa biyu. A wurinsa mutuwa ta fi ƙarfin aji, kuma duk inda aka samu ɗan mamaci nan ne wurin gaisuwa, ko kasuwa ce ko ofis. "Mu yi masa addu'a," ya ce.

Yaran suka dubi baƙon, suka ɗauka cikin darasin ne. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗaga 'yan tafukansu, su goma sha biyu, suna jira a gaya musu abin da za su ce. A ɗakin nan kaf, cikin waɗanda suke kan tabarma, hannun Sabiru ne kawai bai tashi ba. Yana riƙe da hoton.

Iyaye suka fara ƙus-ƙus. Mai kyamara ya juya ta wajen dattijon, ya sake juyowa wajen Sabiru. Wata kaka ta nuna su da mahuci tana tambayar ta kusa da ita. Madam Liang ta taho, murmushin dole a fuska. Ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Sam, ka san wannan mutumin?"

Kwana shida. Tukunyar Gwammaja. Illa a tsaye yana kallon taga. Sabiru ya ji kamar a buɗe ƙasa ya shige. Ya roƙi Allah a zuciyarsa Ya ɗauke wuta, Ya sa gobara, Ya yi komai dai. Ba abin da ya faru, na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da gurnaninta. Ya lanƙwasa harshe yadda ya koya a gaban madubi, ya kau da kai, ya ce:

"No. I don't know him."

Alhaji Maidaji bai yi boko ba, amma mutumin da ya shekara ashirin yana ciniki daga Jidda zuwa Dubai zuwa Sin ba a yi masa fassarar "no". Ya ɗago kai ya dubi Sabiru. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi da ya fi sauƙi. Kallo ne kawai irin na wanda ya shiga gidan da ya sani ya tarar an sauya ƙofofi.

Bai sauke hannunsa ba, domin addu'ar da aka ɗauko ba a ajiye ta a hanya. Ya mayar da idonsa kan tafukansa. "Allah Ka jiƙan Shitu," ya ce, ya dakata a inda ake cewa amin. Shiru. "Allah Ka yafe masa kurakuransa." Ya sake dakatawa. Shiru. "Allah Ka haskaka kabarinsa, Ka sa can ta fi masa nan. Allah Ka albarkaci abin da ya bari." A nan muryarsa ta ɗan karye. Ya jira, ya jira, sannan ya ce wa kansa amin, ya shafa. Yaran ma suka shafa fuska suna ƙyalƙyala dariya.

Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi, sai da ya dafa bango. Sabiru yana tsaye taku biyu daga gare shi bai miƙa hannu ba. Dattijon ya ɗauki jakarsa, ya ɗan rusuna wa Madam Liang, ya ce, "Sori, laoban," yadda 'yan kasuwa suke kiran maigida a Sin. Ya nufi ƙofa.

Madam ta tafa hannu ta yi wa iyaye bayani da yarensu, aka yi dariya, ta juyo ta zare wa Sabiru ido alamar ya ci gaba. Ya ɗaga hoton. Ya tambayi yara wane ne wannan. Su kuwa sun sha bita tun jiya, sai suka haɗa baki da iya ƙarfinsu:

"This is your father!"

Alhaji yana sunkuye a bakin ƙofa yana saka takalmi. Ya tsaya cak da takalmi ɗaya a hannu, ya waiwayo ya dubi mai haƙoran, sannan ya saka ya fita.

Minti ashirin da biyar suka rage, kuma Sabiru ya yi su. Kada ka tambaye ni yadda ya yi, shi ma bai sani ba. Ya yi tsalle, ya yi waƙa, bakinsa yana aiki shi kaɗai. Aka tafa masa, wata uwa ta ce a ɗauke su hoto, iyaye suka yi layi a gaban teburin Madam. Da suka watse ta jawo aljihun tebur, ta hura wa hatimin iska, ta danna shi a kan wasiƙar da hannu biyu. Ta ce ya yi ƙoƙari sosai. Ya fizge takardar ko godiya bai yi ba.

Lif ya daɗe bai zo ba, sai ya bi matakala, hawa tara, yana tsallake uku-uku. A ransa ya riga ya yanke cewa dattijon ya tafi. Amma yana fitowa sai ga shi zaune a kan dakalin fulawa a bakin ginin, cikin ranar nan, babbar rigar ta jiƙe ta manne masa a baya, jaka a kan cinya.

Sabiru ya zube a gabansa a kan siminti, mutane suna ratsa su suna kallo. "Baba, ku yafe min. Don Allah, Baba. Wallahi takarda ce. Kwana shida suka rage min, in ban samu ba..." Kuka ya ci ƙarfinsa, irin kukan da bai samu ya yi ba tun Maris.

Alhaji ya bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya buɗe jaka ya fito da wani ƙulli a baƙar leda, an naɗe shi da zare. "Ungo. Innarka ce ta ba ni. Saƙo amana ne, shi ya zaunar da ni." Ya dubi takardar da take hannun Sabiru. "Sun buga?"

"Sun buga, Baba."

"Madalla. Ta kwana nawa ce?"

"In an karɓa, casa'in."

"Casa'in," in ji Alhaji. Ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai auna yadi a zuci. 

Sabiru ya ajiye ƙullin, ya ɗaga tafukansa biyu. "Baba, ku sake yi. Don girman Allah ku sake, in amsa."

"An riga an yi, Sabiru. Allah Ya ji."

Ya tsayar da tasi, ya nuna wa direba katin masaukinsa. Sabiru ya yi wuf zai ɗaukar masa jaka, ya ce ya bar ta, ba nauyi. Har ya saka ƙafa ɗaya sai ya tsaya, ya dafa ƙofar motar.

"Innarka ta ce lallai in hau in gan ka a cikin ajin da idona. In ga ko ka rame, in ga ko ana ganin girmanka, in je in ba ta labari. Tun da aka yi rasuwar nan ba ta da wata hira sai taka." Ya goge fuska da hannun riga. "Ni ban iya ƙarya ba, kuma ba zan je in kashe baiwar Allah ba. Zan ce mata na hau har sama, na ga ajin, yana da kyau, ga sanyi, ga yara masu ladabi. Saƙo kuma na bayar a ƙofa."

"Ni fa, Baba? Me za ku ce mata a kaina?"

"Zan ce ban same ka a ciki ba."

Ya shiga ya ja ƙofa, motar ta bi sahun 'yan uwanta a Huanshi Lu. Sabiru ya daɗe a tsugune a wurin, wasiƙa a hannun dama, ya ɗaga ta nesa da jikinsa don kada gumi ya ɓata hatimin. Can ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, domin akwai wani ajin ƙarfe biyu.